LI-7810 a dausayin da aka janye wa ruwa

LI-7810 na'urar kamfanin LI-COR ce mai auna iskar gas ɗin mitan (methane) da kabon dayoksaid a tare, kuma tana da kaifi: ko ɗan mitan da busasshiyar ƙasar ruɓaɓɓen tsiro ke fitarwa ba ya kuɓuce mata. A kafa zoben da ake ɗora akwatin tara iska a kansa, mai faɗin santimita 20, a cikin ƙasa kwanaki kafin awo, domin saiwoyin da aka yanke suna kumbura sakamako. A shimfiɗa katako a tsaya a kai. Taku kan matso kumfar mitan ya ɓata lissafi. Ruwa kuwa kada ya shiga tiyon da ke kai iska cikin na'urar.

Babban giɓinta, ba ta auna gas ɗin naitros oksaid, wanda gonar da aka zuba wa taki ke fitarwa sosai. Wannan sai da wata na'urar, LI-7820. Magudanan ruwa ma sai da akwati mai yawo a kan ruwa.