Keken tsere na hawan dutse: wanda zan saya a Jos, da wanda ba zan ko kalla ba

A Turai akwai tseren keke da ake buɗe wa kowa, ba sai ƙwararre ba. L'Étape du Tour, wanda aka fara a 1993, yana ba dubban mutane dama su bi zango ɗaya na tseren Tour de France, kuma yawanci zangon duwatsu ake zaɓa. La Marmotte, shi ma a Faransa, kilomita 174 ne da hawa wajen mita 5,000, ana ƙarewa a saman Alpe d'Huez mai kwana 21. A Afirka ta Kudu akwai na Cape Town mai kilomita 109. Mu a Jos Allah ya ba mu filin atisaye kyauta: garin kansa yana kan tudu wajen mita 1,200, duwatsun Shere sun haura 1,800. To ko burinka wata rana ka je irin waɗancan, ko kuwa ka bi ayarin safiyar Asabar zuwa Barkin Ladi da Mangu har Pankshin, tambayar ɗaya ce: wane keke za ka saya?

Ni dai ba na ɓoye nawa. Keken tsere mai firam ɗin alminiyam, irin wanda aka ƙera don doguwar tafiya, da kayan giya na Shimano Tiagra ko 105. Giant Contend, Trek Domane AL, Specialized Allez, Triban RC 520, duk 'yan gida ɗaya ne a wurina. Kansu ya ɗan ɗaga sama, ba sai ka duƙa kamar mai neman allura ba, don haka bayan awa huɗu wuyanka da ƙugunka ba su gama mutuwa ba. Alminiyam kuma ba ya munafunci. In ya bugu za ka ga lotsawa, in ya tsage za ka ga tsagar a bakin walda da idonka. Ga wanda zai sayi na hannu a kasuwar da babu garanti, wannan ya fi rage nauyin kilo ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Amma abin da ya fi firam muhimmanci shi ne giya, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Tsuguna ka ƙirga haƙora. Faranti biyu na gaba su zama 50 da 34, na baya kuma babbansu ya kai 32 ko 34. In kaca tana kan 34 gaba da 34 baya, kowane zagayen feda ɗaya taya zagaye ɗaya take yi, kimanin mita 2.1, ka hau tudu a zaune kana numfashi daidai. Yawancin tsofaffin kekunan tsere da ake kawowa daga Turai kuwa 53 da 39 ne a gaba, 25 a baya, wato mafi sauƙin giyarsu tana tura ka mita 3.3 a kowane zagaye. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ka jin bambancin. Ranar da ka tunkari Hawan Kibo daga ƙasa gwiwarka za ta ba ka labari. Taya kuma ka nemi mai faɗin milimita 28, ko 32 in firam ɗin zai ɗauka, saboda ramukan hanyoyinmu. Mai 23 faci kawai za ta yi ta ja maka.

Batun birki, hawa wahala ce amma gangara ita ke kisa. Birkin faranti, wato mai kama farantin ƙarfe a tsakiyar taya, ya fi kamawa a ruwan sama, kuma kowa ya san damunar Jos. Sai dai mai amfani da mai yana son makanikin da ya san shi: na Shimano man ma'adini yake sha, in aka zuba masa man birkin mota robobinsa sun lalace ke nan. In ba ka da irin wannan makaniki, ɗauki birkin faranti mai waya, ko tsohon birkin roba a kan rim ɗin alminiyam. Rim ɗin kabon da birkin roba kuwa, a doguwar gangara zafi yake ɗauka har ya iya kumbura. Ka bar shi.

Sauran fa? Keken daji mai ƙatuwar taya yana da kyau a hanyar burji, a kwalta ƙarfinka kawai zai sha. Tsohon keken ƙarfe yana da ƙarko, nauyi ne matsalarsa. Claris da Sora, kayan giyan Shimano da ke ƙasa da Tiagra, ba laifi in kuɗi sun gaza. Ultegra da Dura-Ace kuwa, waɗanda ke sama da 105, kuɗin gyaransu ya ishe ka sayen wani keken.

Saura keken kabon na gwanjo, wanda shi ne ke ruɗar matasa. Kabon na gaske abu ne mai kyau, ban musa ba. Matsalar ita ce yana iya karyewa daga ciki fenti yana nan lafiya lau. Wani dillali ya taɓa sayar mini da keke yana rantsuwa bai taɓa faɗuwa ba. Ashe ƙafar gaba a tsage take, an cike da gam an shafe da baƙin fenti. Da makaniki ya kankare wurin da reza, ga tsagar nan doguwa kamar ɗan yatsa, daidai inda nauyin birki ke sauka. Tun daga nan duk keken da na ga fentinsa ya fi shekarunsa sabunta, ko wani ɓangare ya fi saura sheƙi, ba na ƙara tambayar kuɗinsa. Ka shafa da hannu ka ji ko akwai tudu. Ka ƙwanƙwasa da kwabo a hankali: lafiyayyen wuri ƙara yake yi tsaf, mai ciwo kuma sai ka ji dum. Wannan ma ba kowace tsaga yake kamawa ba, shi ya sa nake cewa a guje shi in ba a san tarihinsa ba.

Ga kuma jabu tsantsa. Pinarello da Specialized suna cikin sunayen da aka fi kwaikwaya, ana buga firam maras asali a liƙa masa suna. Juya keken ka duba lambar da ke ƙarƙashin inda feda ke juyawa. In babu, ko an goge, ko dai jabu ne ko na sata. In farashin ya yi araha fiye da hankali, ka tuna araha ba ta ado. Wata dabarar ita ce a ɗaura mai sauya giya na baya ɗaya tak mai tambarin 105, a ce maka keken gaba ɗaya 105 ne, alhali hannuwan birki da faranti da sauran duk ƙananan kaya ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana da lambarsa a jiki. Hatta kaca ana yin ta jabu cikin kwali mai kama da na asali, kuma a kan tudu take tsinkewa, lokacin da ka miƙe ka danna da dukan ƙarfinka. Hular kwano ita ce ta fi tayar mini da hankali. Ta gaske tana da shaidar EN 1078 ko CPSC a ciki, amma masu jabu suna buga wannan takardar ma, don haka ka saya a wurin wanda za ka iya komawa gare shi, kuma kada ka sayi ta hannu, domin hular da ta taɓa buguwa ta gama aikinta.

Kada ka yi cinikin biri a sama saboda hoto a WhatsApp ko Facebook. Girman firam ma sai an gwada: mai tsawon santimita 170 zuwa 175 yawanci 54 ke yi masa, amma kamfanoni sun bambanta. Ka je da makanikinka, ka bar wa mai keken wani a zaune, ka nemi tudu mafi kusa ka hau a mafi sauƙin giya, ka sauko ka matse birki biyun. In giya ta yi tsalle, ko kan keken ya yi rawa, ko ka ji ƙas-ƙas daga ƙasa, mayar masa da abinsa. In ya yi, ka rage kuɗin sabuwar kaca da robar birki da tayoyi biyu daga abin da ya faɗa, domin da wuya ka sami na hannu da ba ya bukatarsu.