Karfasa ta cika tafki ba ta girma: a zuba tarwaɗa ko a koma maza zalla?

Wani ɗan'uwanmu mai tafkin ƙasa a gefen Dadin Kowa ta Jihar Gombe ya kawo tambaya. Ya zuba karfasa bara, yana ba ta dusa ba fashi, amma yau in ya jefa birgi sai ya fito maƙil da kifin da bai wuce faɗin yatsu uku ba. Wasu sun ce ya zuba tarwaɗa ta cinye 'ya'yan, wasu sun ce ya kwashe komai ya sake zubi da maza zalla. Wanne ya fi?

Malam, kifinka lafiyarsa lau, bakuna ne suka fi abincin yawa. Karfasa a tafki takan fara haihuwa tana wata biyar zuwa shida, wani lokaci ma ba ta kaiwa. Namiji ya haƙa ɗan rami a ƙasan tafki, mace ta zuba ƙwai, ta kwashe su a baki ta riƙe har su ƙyanƙyashe, ba ta ko cin abincin kirki a kwanakin nan. Ɗaruruwa ne a zubi guda, kuma da ɗumin ruwa irin namu bayan makonni kaɗan ta sake. 'Ya'yan su ma su fara nasu. Dusar da ka auna wa kifi dubu sai ta koma ta dubbai.

Tarwaɗa ba ta da wannan halin. Da wuya ta hayayyafa a tafki, shi ya sa masu ƙyanƙyasa suke yi mata allura kafin su tatsi ƙwai, don haka adadin da ka zuba ba zai ƙaru ba sai dai ya ragu. 'Ya'yan karfasar da suka zame maka kaya, a wurinta nama ne na kyauta, kuma abincin tarwaɗa na buhu, mai furotin kusan kashi 40 cikin 100, shi ke cinye jarin yawancin masu kiwo. Ka ga ke nan tafki ɗaya ya ba ka kifi iri biyu, mai banda ya ɗauki tarwaɗa, mai suya ya ɗauki karfasa.

Sai dai akwai abin da masu ba da wannan shawara ba sa faɗa. Tarwaɗa malalaciya ce a farauta. In kana cika mata ciki da abinci mai yawo a saman ruwa safe da yamma, ba za ta wahalar da kanta da bin ɗan kifi ba. Kuma 'yan tsiraru ba sa aikin; akan fara da tarwaɗa ɗaya ga manyan karfasa uku ko huɗu. Girma ma abin lura ne: abin da ya shiga bakinta kawai take ci. A sabon zubi sai a bar karfasa ta yi wata ɗaya ko biyu tukuna, kada a wayi gari ta haɗiye jarin. A tafkinka kuwa matsalar ta juya, domin masu yatsu ukun nan sun riga sun fi ƙarfin bakin ƙaramar tarwaɗa. Sabbin haihuwa za ta tare, waɗannan kuwa sai an ja taru, wato babbar ragar masunta. Ka kuma tace tarwaɗar su zama kai ɗaya kafin zubi, don wadda ta yi wa 'yan'uwanta fintinkau da su za ta fara.

Maza zalla kuma wani lissafi ne. Namijin karfasa ya fi mace saurin girma nesa ba kusa ba, kuma in babu mace babu haihuwa, duk abin da aka ci ya tafi ga tsoka. Kifin yakan fito kusan girma ɗaya, abin da 'yan kasuwa ke so. Ana sayen su a wurin masu ƙyanƙyasa, ko a ware da hannu idan kifin ya kai giram 30 ko fiye: ka kifa shi a tafin hannu, ka duba ɗan tsiron da ke bayan dubura, na namiji mai tsini ne da ƙofa ɗaya, na mace ya fi faɗi da ƙofa biyu. Aiki ne na ido da haƙuri, kuma ko gwani yana kuskure. Mata kaɗan suka kuɓuce, bayan 'yan watanni an koma gidan jiya.

Babban sharaɗinsa shi ne tafkin ya zama wanda ake iya tsiyaye shi ƙarƙaf, a bar ƙasan ta sha rana har ta tsattsage. Ɗan kwatamin da ya rage a tsakiya ya isa ya ɓoye irin da zai sake cika maka tafki. Sannan ruwan da kake ja daga magudanar dam ɗin Dadin Kowa, na kogin Gongola ne, da 'ya'yan karfasar daji yake zuwa. Sai ka ɗaura raga mai ƙananan ido a bakin bututu, kana dubawa kullum.

Ta fuskar abin da tafki ke samarwa da kansa, hanyoyin biyu duk suna son koren ruwa, domin karfasa na tace ƙananan tsirran da ke sa ruwa ya yi kore. Kashin kaji a buhu, a rataya a kusurwa ya riƙa tsatsa a hankali, ya wadatar. Awonsa a hannunka yake: tsoma hannu har gwiwar hannu. In kana ganin tafinka tar, ruwan ya yi fari, ƙara taki. In ya ɓace tun kafin ruwa ya kai rabin hanya, cire buhun. Ka leƙa da asuba. Karfasa ta taru a sama tana haki, iska ta yi ƙaranci, a sako sabon ruwa. A nan tarwaɗa na iya ruɗin mutum, don tana shaƙar iskar sarari, za ta yi ta harkarta alhali karfasa na mutuwa. Da hunturu kuma, Disamba zuwa Janairu, duka biyun suna rage ci, sai a rage dusa da taki kada su ruɓe a ƙasa.

Da tafkinka na tsiyayewa, maza zalla zan ce maka kai tsaye. Amma yawancin tafkunan da aka haƙa a fadama ruwa ke tsatsowa daga ƙasa, ba sa bushewa ko da bazara. In naka haka yake, kada ka ɓata kuɗi a kan maza. Nemo masunta su ja taru sau biyu ko uku, ka mayar da manyan, ƙananan a shanya ko a niƙa su shiga abincin kaji. Bayan nan ka zuba tarwaɗa mai tsawon yatsa ko fiye, ka riƙa ba ta abinci sau ɗaya da yamma, ba har ta ƙoshi ba. Duk wata ka jefa birgi a wurare daban-daban na tafkin: in har yanzu 'yan mitsi-mitsi ne suka fi yawa a ragar, ƙara tarwaɗa, in kuwa babu su sam kuma tarwaɗar ta fara ramewa, ƙara mata abinci.