Yini ɗaya a Cardiff: ina ya dace ka kashe kuɗinka da ƙafarka?

Masu zuwa Cardiff, babban birnin Wales, yawanci gidan sarauta na tsakiyar gari, wato Cardiff Castle, suke fara nufa saboda shi ke fitowa a hotuna. Ni dai in yini ɗaya gare ka St Fagans zan ce ka je, sauran su biyo baya in rana ta rage.

St Fagans gidan tarihi ne a fili, kamar mil 4 yamma da gari, an buɗe shi a 1948 kuma shiga kyauta ne. Abin da suka yi shi ne sun bi ƙauyuka da garuruwan Wales suna kwance tsoffin gine-gine dutse bayan dutse, su sa wa kowane lamba, su kwaso su sake ginawa a nan, yanzu sun haura 40, akwai gidajen manoma da makaranta da coci da maƙera da injin niƙa da wani tsohon kanti mai suna Gwalia da kayansa jere a kan kanta. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne layin gidaje shida na ma'aikatan ƙarfe da aka ɗauko daga Merthyr Tydfil, kowane gida an shirya shi da kayan zamani daban, na farko 1805 na ƙarshe 1985, kana tafe daga ƙofa zuwa ƙofa kana ganin yadda fitilar kyandir ta koma lantarki, murhu ya koma kuka, har talabijin ta shigo falo. Talakan da guminsa ya yi wa garin arziki, a nan za ka ga inda ya kwana. Ga gidan burodi da suke gasawa a wurin, ƙamshi kawai ya isa ya ja ka. A 2019 ya ci kyautar gidan tarihi na shekara a Birtaniya, kuma wallahi ya cancanta. Ka sa takalmi mai kyau ka riƙe lema, ruwan Wales ba ya sallama kafin ya sauko.

Shi kuwa Cardiff Castle kuɗi ake biya. Tarihi kam akwai, katangar Rumawa, hasumiyar Normawa a kan tudu, sai ɗakunan da mai kuɗin kwal Marquess na Bute na uku ya sa mai zanen gini William Burges ya ƙawata masa, har da wanda suke kira ɗakin Larabawa mai rufin ruwan zinare. Iyalin sun ba garin shi a 1947. Amma bayan tikitin shiga akwai zagayen cikin gida da ɗan rakiya, shi ma kuɗinsa daban, ga shi da rani sukan yi casu a filin ciki sai ka tarar an kafa dandamali an tare maka rabin hoto. In kana zaune ko aiki a garin ka nemi katin Castle Key, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Castell Coch, wani ƙaramin gidan sarauta a arewacin gari, kyau a hoto, awa ɗaya ka gama. Babban gidan tarihin cikin gari kyauta ne, zanen Turawan Faransa ne jarinsa, in ba ka damu da zane ba wuce.

Bakin ruwa, wato Cardiff Bay, yanzu gidajen abinci sun cinye shi, amma a 1913 sama da tan miliyan 10 na kwal aka fitar daga tashar jirgin ruwan da ke wurin. Jan ginin Pierhead na 1897 yana nan, kuma in ka taka kaɗan zuwa Butetown, unguwar da matuƙan jirgi 'yan Yaman da Somaliya suka zauna tun sama da shekara 100, akwai masallaci a Alice Street, ka yi azahar ɗinka hankali kwance.

To yanzu maganar da ta fi ci min rai. Akwai shafukan intanet da ke sayar da wai tikitin tsallake layi ko kunshin yawon Cardiff, su lissafo maka wurare biyar, alhali uku a ciki kyauta ne ga kowa. Wani shafi ya taɓa cire min fam masu yawa a irin wannan, da na je ƙofa ma'aikacin ya ce bai ma san da su ba, saƙon da na tura musu har yau shiru. Tikitin gidan sarauta ka saya a shafinsu na ainihi ko a bakin ƙofa, kar ka danna sakamakon farko na Google don sau da yawa talla ce. Wurin ajiye mota kuma, a St Fagans ana biya duk da shiga kyauta ne, kuma a Birtaniya ɓarayi sun koyi liƙa lambar QR ta bogi a jikin injin biya, kana sikanin ta sun kwashe bayanan katinka, in ka ga kamar sitika ce aka manna a kai ka biya ta injin kai tsaye. Sannan ka duba ko akwai wasan rugby a filin Principality ranar, don otal kan ninka farashi, a rufe titunan tsakiyar gari, jirgin ƙasa ya cika maƙil.