Kafin ka sayi manhajar nazarin alaƙa don binciken makaranta a Maraɗi

Wani ɗalibi mai shirin rubuta kundin kammala karatu ya same ni da tambaya. Yana so ya gano wa malaman firamare ke tuntuɓa in darasi ya cije musu, a cikin CAPED guda, wato taron da malaman makarantu maƙwabta ke yi don ƙara wa juna sani. An ce masa sai ya sayi manhaja, shi ne ya zo jin farashi. Na ce masa, ƙanena, zauna mu fara duba abin da kake nema.

Dabarar nazarin alaƙa tsohuwa ce. Tun shekarun 1930 Jacob Moreno ya yi ta a makarantun Amurka da takarda da fensir: kowane yaro ɗigo ne, wanda ya zaɓa ya zauna kusa da shi kuma a ja zare zuwa gare shi. Daga zanen ake ganin wanda kowa ke zuwa wurinsa, da wanda ya zama gada tsakanin ƙungiyoyi biyu, da wanda aka bari shi kaɗai. Malamai goma sha biyu, takarda ta ishe ka. Amma aji mai ɗalibai 60, kamar yadda muka saba gani a nan, zaren da zai iya shiga tsakaninsu ya kai 3,540. Nan hannu ya gaza.

Gephi nake fara nuna wa kowa. Kyauta ce, ɗalibai ne suka fara ƙera ta a jami'ar fasaha ta Compiègne a Faransa a 2008, kuma ana iya juya ta zuwa Faransanci, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ya yi lakwal a Nijar. In ka sauke ta sau ɗaya, ba ta sake neman intanet. Abokinka ma ya kwafa a kile, wato USB. Ka jera sunan mai zaɓe da na wanda ya zaɓa a Excel, ka shigar, ta zana maka, ta ƙirga wanda ya fi yawan zare, ta raba ƙungiyoyi da launi. Rauninta shi ne zane da ƙirga kawai ta ƙware a kai. In malaman da za ka kare kundinka a gabansu suka ce, me ya tabbatar ba dace ba ne ya sa mata ke neman shawarar mata, Gephi ba ta da amsa.

Wannan tambayar ita ke kai mutum ga UCINET. Gwajin lissafin da aka saba yi a manhajar SPSS yana ɗauka cewa amsar kowa zaman kanta take, alhali a nan zaren Malam wane da Malama wance na su biyu ne. UCINET na da gwajin QAP da aka yi musamman don haka. Sai dai ta kuɗi ce, da dalar Amurka ake biya ta intanet, ko da yake akwai rangwame ga ɗalibai, kuma a Windows take aiki. Wanda ba ya da katin banki sai ya nemi mai biya masa.

Ni dai da in biya, gara in koyi R, wata manhajar lissafi. Ita ma kyauta ce, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarta, kuma da igraph da statnet, kayan aikin da ake ƙara mata, za ka yi kusan duk abin da UCINET ke yi. In ka tambayi ɗalibai abokansu a Oktoba, ka sake tambaya a Mayu, RSiena, ita ma kayan aikin R, za ta taimake ka rarrabe ko masu ƙoƙari ne ke neman juna, ko abota ce ke ɗaga mai rauni. Wannan ce tambayar da ta fi damuna a ilimin ƴaƴanmu mata. Kuɗin R lokaci ne, domin umarni ake rubutawa. Wanda saura masa wata biyu ya miƙa kundi, kada ya fara.

Pajek ta ƙasar Sulobeniya an yi ta ne don saƙa mai ɗigo dubbai, ta fi ƙarfin buƙatarmu. NodeXL kuwa ƙarfinta janyo bayanai daga shafukan sada zumunta, malaman ƙauyukan Dakwaro da Madarumfa kuma baki da baki suke shawara, ko da saƙon murya a WhatsApp.

Kuɗin da ɗalibin nan ya tanada, na ce ya sa a man babur da buga takardun tambaya. A wannan bincike, in mutum biyar cikin ashirin da biyar ba su amsa ba, zarensu ya ɓace, wataƙila har da gadar da kake nema. Dole ka koma ƙauyen sau biyu, sau uku. Ka nemi izinin sufeto da direkta, da na iyaye in yara ne. Tunda dole a ambaci sunaye, ka maye su da lambobi tun ranar farko, ka ɓoye takardar sunayen. A CAPED kowa ya san kowa, malamin da ya fito ɗigo shi kaɗai a gefen zane za a gane shi ko babu suna, don haka kada zanen ya je hannun shugabanninsa.