Na biya fam 65 aka tsoma ni a taɓo: sharhi kan tseren shingaye da gudun Asabar

Hajiyarmu ce ta fara yanke hukunci tun kafin in yanke nawa. Na tura hotona na tseren taɓo a zauren WhatsApp na gidanmu, ba a ganin komai a jikina sai idanu da haƙora. Ba a yi minti biyar ba sai ga kiranta daga Zariya. "Sani, hatsari ka yi?" Na ce a'a Hajiya, wasa ne. "To nawa suka biya ka?" Na ce ai ni na biya su. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in miƙa wa matata wayar.

Aikin jinya nake yi a wani asibiti a Leeds, a arewacin Ingila, kuma yawanci da dare. Bara aka auna jinina aka ce sugana ya fara leƙen inda bai kamata ba. Ni da nake wuni ina yi wa marasa lafiya wa'azin motsa jiki, ga teɓa ta riga ni shiga ɗaki. Na sauke manhajar Couch to 5K ta hukumar lafiyar ƙasar, wato NHS, wadda ke lallaɓa mutum cikin mako 9, sau uku a kowane mako. A makon farko sassarfar minti ɗaya kawai ake yi, sai tafiyar minti ɗaya da rabi, a maimaita. Wannan minti ɗayan ma sai da na riƙe ƙugu ina haki kamar wanda kare ya koro.

Da na kammala sai na shiga parkrun, kuma da shi zan fara, domin ba ni da abin kushewa a kansa. Gudun kilomita 5 ne da ake yi duk Asabar da ƙarfe 9 na safe a filayen shaƙatawa, kyauta, ko sisin kwabo. Wani mutum mai suna Paul Sinton-Hewitt ya fara shi a watan Oktoban 2004 a Bushy Park da ke Landan, da masu gudu 13 kacal. Yanzu ya bazu ƙasashe da dama, har Afirka ta Kudu da Namibiya. Rajista sau ɗaya ake yi a intanet, a ba ka lamba mai zane-zane irin ta jikin kayan kanti. Idan ka iso ƙarshe a miƙo maka ɗan ƙaramin kati mai nuna matsayinka, a haska shi tare da lambarka, kafin ka gama karin kumallo sakamako ya shigo wayarka. Nawa filin shi ne Woodhouse Moor, dab da jami'ar Leeds.

Abin da ya saye ni a nan dabara ce ƙarama. A cikin masu aikin sa kai akwai wanda aikinsa kawai shi ne ya tafi a bayan kowa, don kada a samu wanda zai zo na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa zama kurar baya a gudun makarantar firamare, yara suna yi masa ihu, ya san darajar wannan. Ranar farko na gama a minti 41. Wata tsohuwa mai furfura ta wuce ni tana hira da ƙawarta, ba ta ko haki. Ba wanda ya kalle ni sau biyu.

To, ana cikin haka sai ga Awudu, wani abokin aikina Bahaushen zangon Kumasi, da zancen tseren taɓo. Wai ma'aikatan sashenmu za su shiga a matsayin ƙungiya don tara wa wata gidauniya kuɗi. "Malam Sani, kilomita goma ne kawai, kuma ba gudu ake yi sosai ba, tsalle-tsalle ne." Wannan "kawai" ɗin har yau ban yafe masa ba.

Irin wannan tsere ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1987 wani Bature, Billy Wilson, ya fara shirya Tough Guy a gonarsa kusa da Wolverhampton, kuma a tsakiyar hunturu yake yin sa don mugunta ta cika. A 2010 Tough Mudder da Spartan suka taso a Amurka suka mai da abin babbar kasuwa, daga baya a 2020 Spartan ya saye ɗan'uwan nasa. Abin ya yi nisan da a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles, tseren shingaye ne zai maye gurbin hawan doki a wasan modern pentathlon mai rassa biyar. Namu dai ba ɗaya daga cikin waɗannan manyan ba ne. Wani ƙaramin kamfani ne ya hayi gonar shanu a karkarar Yorkshire, ba zan kama sunansa ba.

Kuɗin shiga fam 65 na biya. Na ɗauka shi ke nan. Ashe wannan kuɗin gaisuwa ne kawai. A bakin ƙofa aka karɓi fam 10 na ajiye mota, a cikin ciyawar da ko kwalta babu. Ajiye jaka, fam 5. Maman Hanifa da ta zo kallo da yara, ita ma sai da aka yankar mata tikiti, don ta tsaya cikin iska ta ga mijinta yana wulaƙanta kansa. Hotunan da masu kyamara suka yi ta ɗauka a hanya, bayan kwana uku aka turo su da tambari a tsakiyar fuska, in kana son mai kyau ka sake zaro kati. Duk waɗannan suna rubuce a shafinsu, gaskiya, amma can ƙasa da ƙananan haruffa, inda sai mai neman rigima ke karantawa. Wanda zai je ya ƙara aƙalla rabin kuɗin tikiti a lissafinsa.

Kafin a ba ka lambar ƙirji sai ka sa hannu a wata doguwar takarda, wadda in an taƙaita ta cewa take yi: duk abin da ya same ka, kai ka kawo kanka. Ana sakin mutane rukuni-rukuni, kowane kwata na awa, kuma a nan na yaba musu. An ce rukuninmu 10:30, kuma 10:30 ɗin muka tashi, ba jiran wani babban baƙo.

Kilomita ta farko lafiya lau, har na fara raina abin. Sai muka iso ramin farko. Ni ɗan Zariya ne, na taka ƙasar gini da ƙafata ina yaro, na yi wanka a kududdufi an zane ni a gida. Na ɗauka na san taɓo. Wannan daban ne. Baƙi ne, mai sanyi, mai warin turken shanu, kuma yana da riƙo. Na zura ƙafar dama ta nutse har gwiwa, na ja, ƙafar ta fito, takalmin ya zauna. Haka na durƙusa na zura hannu har kafaɗa ina lalube kamar mai kamun tarwaɗa. Na ci karo da takalma biyu kafin in samu nawa. Daga nan na gane dalilin da ya sa tsofaffin hannu suke naɗe takalmansu da salatif tun daga wurin ajiye mota.

Bayan shi akwai jan ciki a ƙarƙashin waya mai ƙaya, da ɗaukar buhun yashi a hau tudu a sauko, da lilo a jikin ƙarafa, inda na faɗo a ƙarfe na uku. Waɗannan duk wahala ce ta yau da kullum, ba abin ba da labari.

Kwatamin ƙanƙara kuwa sai na tsaya a kansa. Wata babbar kwantena ce aka cika da ruwa da ƙanƙara, aka gitta katako a tsakiya, dole sai ka nutsar da kai ka bi ta ƙarƙashinsa. A ƙarshen Satumba ne, ana iska. Da na faɗa ciki numfashina ya tsaya cak, ƙirjina ya ƙulle, na buɗe baki ba abin da ke shiga. A wurin aiki na san wannan a takarda: ruwan sanyi na sa mutum ya ja numfashi ba da son ransa ba, bugun zuciya da hawan jini su yi sama lokaci guda. Sanin takarda daban, ji a jiki daban. Wani ma'aikacinsu da ke tsaye a gefe ya ce in dakata in ƙirga biyar kafin in nutsa, kuma shawarar ta yi amfani. Duk mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, ya kewaye wannan wurin. An yarda a kewaye kowane shinge, ba mai hukunta ka, ba mai yi maka dariya. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Sai katangar. Ta katako ce, ta fi tsayin mutum da hannunsa a miƙe, taɓon waɗanda suka riga mu ya mai da ita santsi kamar an shafa mata karkashi. Na ja da baya na zabura, na daki katako da ƙirji, na zamo. Na sake, na sake zamowa. Awudu ya riga ya haye, ina jin muryarsa daga can yana kiran sunana, ba ya ganina. Ina tsaye ina tunanin kewayawa sai wani ƙato mai zane a wuya, irin wanda in na gamu da shi a lungu da dare zan sauya hanya, ya durƙusa ya haɗa tafukansa ya nuna mini in taka. Na dubi takalmina, na dubi hannunsa. Ya daka mini tsawa cikin raha. Na taka hannunsa, na taka kafaɗarsa, wasu mutum biyu da ke zaune a saman katangar suka cafke ni ta wuyan hannu suka fizge ni sama kamar buhun masara. Ban san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Da na samu zama a sama sai na ga ai ba a sauka haka nan, wanda aka ja shi ma sai ya juya ya ja na bayansa. Na zauna a kan katangar nan na kusan minti goma ina jan mutane, har da shi ƙaton, wanda sai da muka taru mu huɗu. Shekara uku ina ƙasar nan, maƙwabcina na jikin bango ban san cikin gidansa ba, gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu. A kan katangar nan ne karo na farko da na ga Turawa suna gayya. In an tambaye ni me na saya da fam 65, wannan minti goman ne.

Mun gama cikin awa biyu da 'yan mintuna. A ƙarshe aka rataya mini lambar yabo, aka ba ni riga da bargon leda mai ƙyalli, aka kuma miƙo mini gwangwanin giya. Na ce ba na sha. Yarinyar ta duba teburinta ta rasa abin da za ta ba ni a madadinsa, sai ruwan gora. Shayi mai zafi, wanda shi kowa ke buƙata a lokacin, na sayarwa ne, ga layi har bakin tanti, ga kuɗina a cikin jakar da na ajiye.

Wurin wanka shi ne babban abin da ya ɓata mini rai. Taɓo ban yi ƙorafinsa ba, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma a karɓi kuɗin mutane masu yawa haka, a ce wankansu tiyo ne guda shida na ruwan sanyi a fili, maza da mata a haɗe, kowa na tuɓewa a gaban kowa? Tantin sauya kaya ɗaya ne na maza, ɗaya na mata, ƙanana, ƙasansu ya zama caɓi. Ni dai na wanke fuska da hannu, na koma bayan mota, Maman Hanifa ta kare ni da zani na sauya kaya ina rawar ɗari. Wata abokiyar aikinmu mai hijabi da ta yi tseren tare da mu, kuma ta fi ni taɓukawa, haka ta shimfiɗa leda a kujerar motarta ta tuƙa har gida da taɓonta. Mata masu niyyar zuwa su san da wannan tun daga gida.

Azahar ta same mu a wurin. Muka tsaya ni da Awudu muna muhawara ko jikinmu da tsarki, tunda gonar shanu ce. Ya tuna mini cewa a Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Na ce na ji, amma ni ba zan tsaya gaban Ubangiji da wannan warin ba alhali akwai sauran lokaci. A gida na yi sallata, bayan wanka biyu.

Wata shawara ta ma'aikacin jinya: a rufe baki a cikin ramukan nan. A 2015, bayan wani tseren taɓo a kudancin Faransa kusa da birnin Nice, mutum wajen 1,000 ne suka kwanta da amai da gudawa. Ƙasar da dabbobi ke kiwo a kai ba a haɗiyar ruwanta. Mai rauni a fata ya rufe shi da filasta mai hana ruwa, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. A sa tsofaffin kaya masu kama jiki, ban da auduga, domin tana shan ruwa ta yi nauyi. A zo da tawul, da babbar leda, da jarkar ruwan ɗumi a but ɗin mota. Wannan na ƙarshen a wurin wasu tsofaffin hannu na gani, na yi ta hararar su don hassada.

Zan sake? Awudu ya riga ya fara zancen na baɗi, na ce masa sai dai in kamfanin ya gyara wurin wanka, ko mu nemi wani. Sau ɗaya dai ya cancanci kuɗinsa, musamman in da abokai za a je. Amma ba shi ya sauko mini da suga ba. Wanda ya yi wannan aikin shi ne na Asabar ɗin nan da ba a biyan ko kwabo, wanda yanzu nake gamawa a minti 33. Ana cewa araha ba ta ado, to ni dai wandunan da na jingine shekara biyu sun koma shiga.

Kwana uku na yi ina sauka daga bene da baya saboda cinyoyi. Asabar ɗin da ta biyo baya ban iya gudu ba, sai na rubuta sunana a masu aikin sa kai, aka ba ni riga mai launin lemo aka ce in bi bayan kowa. Na yi tafiyata a hankali tare da wani dattijo da aka yi wa aikin gwiwa, muka shigo bayan awa ɗaya da minti biyu, shi a gaba, ni a baya. Takalman taɓon kuwa suna nan cikin bokiti a bayan gida, Maman Hanifa ta ce ba za su shigar mata injin wanki ba.