Kafin ka biya kuɗin motar lantarki saboda an ce maka tana tuƙa kanta

Ƙanina da ke aiki a Amurka ya kira ni kwanaki yana so ya canza mota, hankalinsa ya rabu tsakanin Tesla Model 3 ta hannu da Ford Mustang Mach-E da wata Chevrolet mai tsarin taimakon tuƙi na Super Cruise, kuma tambayar da ya fara yi min ita ce "Yaya, wacce ce ta fi iya tuƙa kanta?" Na ce masa babu ko ɗaya a cikinsu. Duk ukun suna mataki na 2 ne a matakan tuƙa kai, wato motar na riƙe sitiyari tana taka birki tana ba da wuta amma idonka dole ya kasance a titi, in aka yi hatsari kai za a kama. Mercedes ce ta samu lasisin mataki na 3, wanda direba zai iya ɗauke ido daga titi, a Jamus a ƙarshen 2021, shi ma a kan babbar hanya kawai kuma da ƙaramin gudu. To abin da na gaya masa ne zan maimaita a nan, don na ga mutanenmu da yawa sun fara sha'awar motocin nan.

Motar lantarki ta yanzu kamar wayarka take, kamfani na turo mata afdet ta intanet tana fake a gida, ka kwana da mota ɗaya ka tashi da wata. A nan gaskiya Tesla ta yi wa kowa nisa. A 2018 mujallar Consumer Reports ta gwada Model 3 ta ce ba za ta ba mutane shawarar saye ba saboda birkinta na ja da nisa kafin ta tsaya, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya turo gyara ta iska, aka sake gwaji tazarar tsayawa ta ragu da kusan mita 6, ba wanda ya je gareji ba wanda ya kwance ko noti ɗaya. Wannan abu ne mai kyau sosai kuma shi ya sa masu ita suke sonta.

Amma fa hannun da ke ba ka shi ne ke iya karɓewa. A 2019 wani afdet ya rage wa wasu tsofaffin Tesla Model S nisan da batirinsu ke kai wa da saurin caji, har masu motocin a Norway suka kai ƙara kotu. A 2021 kamfanin ya daina sa rada a Model 3 da Model Y ya koma dogaro da kyamara zalla, sai koke ya yi yawa kan birkin da motar ke takawa haka kawai babu komai a gabanta, ka ɗauka kana gudun kilomita 110 a babbar hanya tirela na bayanka motar ta ga inuwar gada ta dafe birki, wallahi ko a labari abin ba daɗi. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kai a Fabrairun 2022 da ya shafi motoci wajen 416,000. Sannan a Disambar 2023 aka yi wa motoci sama da miliyan 2 gyaran dole kan Autopilot, tsarin taimakon tuƙi na Tesla, shi ma ta afdet, bayan nan masu motoci da yawa suka riƙa cewa motar ta cika mita, ka ɗan kalli sikirin ta fara ƙara tana cewa ka riƙe sitiyari. Ni dai ina ganin wannan mitar alheri ce, amma ka sani cewa ba za a tambayi ra'ayinka ba, kuma in ya shiga ba ka da hanyar komawa tsohon.

Inda na fi daɗewa da ƙanina shi ne maganar FSD, wato Full Self-Driving, ƙarin tsarin tuƙi da Tesla ke sayarwa daban. A 2022 dala 15,000 ake sayar da shi, zuwa Afrilun 2024 ya sauko dala 8,000, haya kuma dala 99 a wata. Waɗanda suka biya da wuri sun biya ne a kan alkawarin cewa wata rana motar za ta yi tuƙi ba direba, sai ga shi a farkon 2025 Elon Musk da bakinsa ya amince cewa motocin da ke da tsohuwar kwamfuta HW3 sai an canza musu ita. Don haka in ta hannu za ka saya, shiga ɓangaren sofwaya a sikirin ka duba ƙarin bayanin mota, zai nuna maka kwamfutar da ke ciki, in HW3 ce kada dila ya ƙara maka ko sisi da sunan FSD. Ka yi hayar wata ɗaya ka gwada a hanyar da kake bi kullum, in bai yi maka ba ka yanke.

Ford da GM, kamfanin da ke yin Chevrolet, tsarinsu daban. BlueCruise na Ford da Super Cruise na GM suna barinka ka saki sitiyari gaba ɗaya, amma sai a manyan hanyoyin da kamfanin ya riga ya zana taswirarsu, kuma akwai ƙaramar kyamara da ke kallon idonka, ka kawar da kai na 'yan daƙiƙoƙi ta fara gargaɗi. Abin da suke yi kaɗan ne amma ka san iyakarsu, ga mai doguwar tafiya a babbar hanya kullum ni wannan na fi natsuwa da shi. Su ma bayan lokacin gwaji biya ake yi, kuma ba su tsira ba, a 2024 NHTSA ta buɗe bincike kan BlueCruise bayan Mach-E biyu sun daki motocin da ke tsaye da daddare an rasa rayuka. Ta fuskar sofwaya kuma GM ta taɓa dakatar da sayar da Blazer EV a Disambar 2023 saboda matsaloli, kamfanin motar lantarki Rivian ma a Nuwambar shekarar ya turo afdet da ya kashe wa wasu sikirin.

Motocin China kuwa araha suke ba da shi, BYD a Fabrairun 2025 ta sanar da sa tsarinta na taimakon tuƙi God's Eye har a ƙananan motocinta ba ƙarin kuɗi. Wata guda bayan nan wata Xiaomi SU7 da ke kan tsarin taimakon tuƙi ta yi hatsari a lardin Anhui mutum uku suka mutu, gwamnati ta hana kamfanoni tallar cewa mota na tuƙa kanta ta kuma tsaurara dokar afdet.

Ga wanda zai shigo da ita Kano ko Abuja ko Yamai, lissafin ya canza gaba ɗaya. Super Cruise da BlueCruise ba su da taswirar hanyoyinmu, FSD ba a buɗe shi a nan ba, tsarin riƙe layi kuma sai akwai fenti a kwalta yake gani, ga ƙurar hunturu da ke rufe kyamara. Abin da zai amfane ka shi ne birkin gaggawa, da gargaɗin motar da ke gefenka, da kyamarar zagaye lokacin fakin. Ka tabbatar tsohon mai ita ya cire ta daga akawun ɗinsa tun kafin a ɗora ta a jirgi, ka tambayi dila ko tana karɓar afdet a wajen ƙasar da aka yi ta dominta, musamman 'yar China da aka yi don kasuwar cikin gida. In gilashin gaba ya fashe kuma, sai an sake saita kyamarar da ke jikinsa, ka fara neman wanda ya iya kafin buƙatar ta taso.

Ƙanina dai na ce ya karɓi kowacce ya gwada da daddare da kuma cikin cunkoso, in afdet ya zo kada ya danna ana gobe zai yi tafiya don motar ba ta motsi har sai ya gama shiga, ya bari kwana huɗu ko biyar ya ji abin da waɗanda suka riga shi ke faɗa. Asabar ɗin nan zai fara da Mach-E.