Ajin Turancin dare da nake zuwa a Gwammaja, ga abin da na gani

Wata uku kenan ina zuwa wani lesin na Turanci bayan sallar isha'i, yan uwa suna ta tambayata wai ya wajen yake, to bari in faɗa muku gaskiya tsakanina da Allah. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, abin da ya kai ni shine saƙonnin da masu turo mana kaya suke aikowa a WhatsApp, kullum sai na nemi yaro ya karanta min, abin ya ishe ni.

Malamin nan ya iya koyarwa wallahi. Misali ɗaya zan bayar. Ranar Talata wani ɗalibi ya kawo kalmar berserk, ya ce a labarin ƙwallo ya gan ta, maimakon malam ya ce ma'anarta hauka ya wuce, sai ya ajiye alli ya ce waye ya taɓa ganin bijimi ya tsinke igiya a hanyar abbatuwa? Kowa ya ɗaga hannu. Ya ce to wannan halin da bijimin yake shiga, ido ya yi ja, baya jin kira baya jin duka, mahauta na bin sa mutane na hawa katanga, shi Bature yake nufi. Ba ciwon hauka na asibiti bane, birkicewa ce ta ɗan lokaci da ba mai iya tarewa. Kuma yawanci da go ko went ake haɗa ta, sannan ba fushi kaɗai ba, har murna, kamar yadda filin Sani Abacha yake rikicewa in Pillars ta ci ƙwallo ana dab da tashi.

Inda ya fi burge ni shine asalinta. Daga tsohon yaren mutanen Nowe da Aisilan, ƙasashen arewacin Turai, ta fito, sunan wasu mayaƙansu ne na da, masana da yawa suna fassara shi da rigar fatar beyar, wannan ƙatuwar dabbar ta ƙasashen sanyi. A labaransu ana cewa in suka shiga yaƙi har cizon garkuwa suke, wuta bata cin su ƙarfe baya cin su. Wani dattijo a bayana ya ce malam ai yan tauri kenan! Malam ya ce ka gama darasin baba. Tun ranar kalmar ta zauna min daram.

Ya kuma kawo yar uwarta amok, ita daga yaren Malay na mutanen ƙasar Maleshiya take, da run ake haɗa ta.

Abin da ban ji daɗi ba kuwa, ɗakin ya mana kaɗan, mun fi talatin a kan benci shida, in an ɗauke wuta sai fitilar waya ga zafi ga sauro, na yi wa mai wajen magana sau biyu akan janareto yace za a gyara har yau shiru. Kuma rubutu baya samun lokaci sosai, magana ta fi yawa, wanda jarrabawa ce a gabansa sai ya ƙara da wani wajen. Ni dai na biya kuɗin wata mai zuwa tun jiya, kuma na ce wa ƙanina ya zo mu dinga tafiya tare, amma ya taho da mafici.